Dokokin Da Baba Ya Riƙe

A gidan buga takardun da yake aiki, mai yanka ake ce masa, domin shi ke tsaye a kan injin datse takarda tun ƙarfe takwas har la'asar. A gida kuwa Auta ne, ko da yake furfura ta fara leƙo masa a gemu. Amma sunan da ya bi shi ya manne, har ya gaji da hanawa, shi ne Dakata. Yayarsa ce ta laƙaba masa, kuma ba ta zalunce shi ba.

Ba mugun mutum ba ne, kada a ce ban faɗa ba. Ba ya sha, ba ya yawo, ba a taɓa jin ya ɗaga wa matarsa murya ba. Ciwonsa ɗaya ne, hannunsa ba ya iya barin abu yadda ya same shi. Tun yana yaro in aka ba shi motar roba sai ya kwance ta ya ga cikinta. Da ya girma ya sami aikin yanka, sai ya ga kullum ana share tarkacen kwali mai kyau ana zubarwa, abin ya riƙa ci masa rai. Ya fara tarawa a buhu yana kai wa gida ba tare da ya san me zai yi da shi ba. Yana da shekara talatin da huɗu buhun nan ya zama wasa.

Daga bakin mahaifinsa ya samo shi. Baba ya yi shekara talatin da ɗaya yana dako a babbar kasuwa kafin gwiwoyinsa su ce sun gaji, kuma ba shi da hirar da ta wuce ta kaya da hanya: wane lungu ne ke da santsi, wane ɗan kasuwa ne ke cika buhu ya ce rabi ne. Auta ya zana kasuwa a kan babban kwali, da layuka da rumfuna da ƙofa ɗaya ta fita. Kowane ɗan wasa yana da ɗan dakonsa, murfin kwalba ne da aka shafa wa fenti. Za ka ja kati ka ga kayan da aka ɗora maka, ko buhu, ko jarka, ko kwandon ƙwai. Ana ba ka maɓallan riga biyar, su ne ƙarfinka, duk tafiya da kaya tana cin maɓalli. A tsakiyar kasuwar akwai bishiya. Wanda ya kai ɗan dakonsa inuwarta zai bari zagaye ɗaya ya wuce shi, a mayar masa da maɓalli biyu. Wanda maɓallansa suka ƙare a hanya, kayansa sun faɗi ke nan. Ya sa wa wasan suna 'Yan Dako.

Mutum huɗu wasan ke so, kuma ya same su a araha. Kowace Asabar bayan azahar ana haɗuwa a ɗakin Baba, a kan wani teburi mai gajeriyar ƙafa ɗaya da aka tokare da naɗaɗɗen kwali. Baba yana kujerarsa mai hannu kusa da taga. Yaya, wadda ta dawo gidan tana kula da shi tun rasuwar mijinta, takan ja benci. Matar Auta tana kujerar roba, sai Tela, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda ya kawo maɓallan daga shagonsa. Akwai shayi, akwai fanka mai ƙara, akwai tsiya iri-iri. A watannin farko ranar nan ita ce hutun kowa.

Shi kaɗai ne ba ya zama. Ya karanta a wani wuri cewa mai ƙirƙirar wasa ba ya wasa, kallo yake yi, ya kuwa riƙe maganar nan kamar wasiyya. Yakan tsaya a bayansu da littafi da biro, agogon wayarsa yana tafiya, yana rubuta wanda ya yi hamma da wanda ya daɗe yana tunani. Wasa zai yi daɗi, Baba ya matse Tela a lungun masu gawayi, ana ta shewa, sai ka ji daga sama:

"Dakata! Ku dakata. Jarkar nan ta yi sauƙi da yawa."

Sai ya miƙa hannu ta saman kafaɗar mutum ya zare katin, ya soke lamba ya rubuta wata, ya ce a koma farko. Tun daga wata na uku ba a ƙara kai wasa ɗaya ƙarshe ba.

Ga kuma yadda yake ajiye dokokinsa. Takarda ɗaya ce manne a cikin murfin akwatin wasan. In ya sauya doka sai ya buga sabuwa a wurin aiki, ya shafa gam, ya liƙa a kan tsohuwar. Tsofaffin katuna kuwa yakan kai su inji ya datse. Ya ce ajiye tsohon abu shi ke sa mutum ya riƙa waiwaye. Cikin shekara biyu murfin nan ya yi kauri kamar yankan burodi, takarda talatin da ɗaya, ɗaya a kan ɗaya.

A cikin shekarar ta biyu ne Baba ya fara mantuwa. Da farko abin dariya ne, yana neman tabarau alhali yana kan hancinsa. Daga baya ya bar butar shayi a wuta har ta ƙone. Wata safiya ya kira Yaya da sunan mahaifiyarsu, wadda ta yi shekara goma sha biyu a ƙasa. Likita ya ce ciwon tsufa ne na ƙwaƙwalwa, ba ya komawa baya. Abin da ya riƙe tun da daɗewa zai jima tare da shi, sabon abu kuwa ba zai zauna ba.

Yaya ce ta lura da abin da wannan ke nufi a teburin Asabar. Ta tare ƙaninta a bakin ƙofa, ta rage murya.

"Auta, ka lura Baba dokokin farkon nan yake bi? Na lokacin da ƙwai ke cin maɓalli ɗaya. Su ya riƙe, tsaf, ko ɗaya bai ɓace masa ba. Duk abin da ka sauya bayan nan bai shiga ba. Shi ya sa yake ta kuskure kana ta gyara masa."

"To sai a riƙa tuna masa."

"Ba tuni yake so ba. Ka bar wasan nan haka, ka ja kujera ka zauna, ku yi ɗaya har ƙarshe. Abin da yake roƙonka ke nan kullum, kai kana ɗauka wasa yake."

Gaskiya ta faɗa. Babu Asabar ɗin da Baba ba ya ɗaga kai ya ce, "Kai Auta, tsayuwar me kake yi kamar mai karɓar haraji? Zauna in lallasa ka sau ɗaya, in san na haifa." A yi dariya, Auta ya ce sai wasan ya kammala, ba ya so ya zauna a kan abin da bai nuna ba.

"Yaya, wata biyu kawai," in ji shi. "In na gama, Asabar goma zan ba shi a jere."

"Wa ya ce maka yana da wata biyun?"

Maganar ta soke shi, amma ya yi kunnen uwar shegu, domin a lokacin akwai wasu muryoyin da suka fi na gida ƙarfi a kunnensa. Ya buɗe wani zaure a intanet inda mutum sittin da 'yan kai ke bin labarin wasan. Bai taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba. Ya yi musu alkawarin rahoto duk Lahadi, me aka sauya, me aka ƙara, kuma ya yi mako tamanin da tara bai tsallake ba. Lissafin makonnin nan ya zame masa kamar igiya a wuya. In Asabar ta wuce bai sauya komai ba, me zai rubuta gobe? Mutanen da ke zuba masa shayi ya mayar da su kayan gwaji, waɗanda ke danna masa alamar babban yatsa kuma ya mayar da su iyayen gida.

Ɗaya daga cikinsu, wani mai hoton kyanwa a madadin fuskarsa, ya rubuta cewa wasan yana da nawa, ba ya sauri. Zaman inuwar nan ɓata lokaci ne, ba wanda ke son ya zauna yana kallon wasu suna tafiya. Mutum huɗu suka goyi bayansa. Kafin Asabar Auta ya buga sabon allo, ya cire bishiyar, ya sa rumfar mai sayar da igiya a wurinta.

Ranar Baba yana cikin walwala. Ya ja katin buhu, ya bi layin da ya saba, yana kashe maɓalli ɗaya bayan ɗaya da dabarar da ya daɗe da ita, ya iso tsakiyar kasuwa da maɓalli ɗaya tak, daidai yadda ya tsara. Sai ya ɗaga murfin kwalbarsa ya tsaya. Ya duba hagu, ya duba dama. 

"Ina bishiyar?"

"An cire, Baba. Ai na yi bayani ɗazu."

"Nan take. Nan nake hutawa."

"Dakata, Baba, ba haka ba ne yanzu. Yanzu in maɓallinka ya ƙare…"

Tsohon ya kalli fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, irin kallon mutumin da ya fito daga gidansa ya tarar an sauya masa unguwa. Tsoro ne a idonsa, ba fushi ba. Ya ɗauka kansa ne ya sake cin amanarsa, a kan abu ɗayan da ya tabbata ya sani. Ya ajiye murfin a hankali, ya ce kansa na ciwo, Yaya ta kama shi ta kai shi gado.

Tela ya miƙe ya ɗauki hularsa. "Abokina, ni kwana shida nake yi ina gyaran abin da mutane suka ce bai yi musu ba. Nan hutawa nake zuwa yi. Ka riƙe maɓallan, na bar maka." Matar Auta kuwa, da Asabar ta zagayo, ta ce tana da wanki.

Mai hankali a nan zai tsaya. Auta kuwa abin da ya fahimta daga ranar shi ne mutane suna da wahalar sha'ani. Dama ya sayi tsohuwar kwamfuta yana koyon yadda ake mayar da wasa na waya, sai ya juya gaba ɗaya can. Kwamfuta ba ta hamma, ba ta ciwon kai, ba ta neman bishiya. Kafin shayinsa ya huce ta buga wasa dubu ita kaɗai ta zayyano masa sakamako. Yana idar da sallar asuba zai zauna a kanta har lokacin fita. A wurin aiki, in abokansa sun tafi cin abinci, shi yana bayan inji da kwamfuta a cinya. Asabar da Lahadi kuwa ba a ganin ko ƙeyarsa. Gidan Baba ya koma leƙe na minti goma, a tsaye a bakin ƙofa, babur ɗinsa ko kashewa bai yi ba. Daga baya leƙen ma ya koma kiran waya, Yaya ta amsa da "lafiya lau" a bushe ta kashe.

Wata bakwai aka yi haka. Ba jin daɗi yake yi ba, kada a ɗauka. Ya rame, idanunsa sun yi ja, abinci ba ya masa ɗanɗano. Wasan da ya fara don nishaɗi yanzu ko kallonsa ba ya so, amma in ya rufe kwamfutar sai ya ji kamar ya bar yaro a bakin titi. Yana gaya wa kansa kowane mako na kusantar da shi ga Asabar goman nan da ya yi alkawari. Garin neman gira dai ake rasa ido.

Wuyan hannunsa na dama ne ya fara kai ƙara. Da farko tsami, sai zafi mai harbawa har gwiwar hannu, sai yatsu uku suka daina jin abin da suka taɓa. Wata Talata ya saita inji ba daidai ba, ya datse bangon littattafan makaranta dubu biyu ta tsakiyar rubutu. Mai gidan buga takardun ya dubi ɓarnar, ya dubi hannun da ya kumbura, ya ce ya tafi asibiti kafin injin ya ci abin da ya fi takarda. Likita ya ɗaure hannun daga yatsu zuwa gwiwa, ya ce mako shida, ba inji, ba kwamfuta, ko cokali da hagu.

Lahadin nan, karo na farko cikin mako ɗari da goma sha tara, bai aika rahoto ba. Ya wuni yana duba waya, yana jiran zauren ya kama da wuta. Da ya gaji ya sa matarsa ta rubuta musu cewa ba shi da lafiya. Mutum uku suka amsa. Ɗaya ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ɗaya ya danna babban yatsa, na ukun ya tambayi yaushe wasan zai fito. Mai hoton kyanwa ashe ya bar zauren tun wata huɗu baya. Wasan wayar, don kada a tambaya, yana nan cikin kwamfutar har yau, an gama kashi tara cikin goma.

Mako biyu ya yi yana zagaye ɗaki kamar kazar da za ta yi ƙwai, domin bai san yadda ake hutawa ba. A mako na uku ya sauko da akwatin daga saman kabad. Ya yanke shawara zai mayar wa Baba wasansa na da, ya zauna, su yi har ƙarshe. Sai ya tarar bai san dokokin ba. Shi da ya rubuta su, sun cakuɗe masa da talatin da suka biyo baya. Ya sa wuƙa da hannun hagu yana ƙoƙarin ɓare takardun murfin, gam ɗin ya riga ya mayar da su abu guda, suna fitowa a yayyage, rabin kalma nan, lamba can. Ya je shagon Tela, Tela ya ce abin da ya tuna kawai shi ne ana dariya a lokacin. Haka ya ɗauki akwatin ranar Asabar ya hau motar haya, ba shi da komai sai allo marar bishiya.

Yaya ta buɗe ƙofa, ta dubi hannun, ta dubi akwatin. Ya shirya wa faɗa, amma ba ta yi ba, kuma hakan ya fi faɗan ciwo.

"Shiga," ta ce. "Amma duk abin da ya ce maka, kada ka gyara masa. Ka ji ni? Ko ɗaya."

Baba yana kujerarsa kusa da taga, ya ragu ƙwarai, rigarsa ta yi masa yawa. Auta ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya amsa da fara'a da ladabi, irin wanda ake yi wa baƙon da ba a so a nuna ba a gane shi ba.

"Sannu da zuwa, malam. An sha hanya. Me ya sami hannun?"

Auta ya buɗe baki, ya ji idon Yaya a ƙeyarsa, ya ce, "Aiki ne."

"Aiki haka yake. Kawo wa baƙo shayi."

Da aka ɗora akwatin a teburi sai fuskar tsohon ta sauya. Ya jawo shi gabansa, ya shimfiɗa allon, ya ƙirga maɓallai biyar-biyar ba tare da yatsansa ya yi kuskure ba. Ya ce tunda su biyu ne, kowa ya riƙe ɗan dako biyu. Ya dubi tsakiyar kasuwar jim kaɗan, ya ɗauki farantin kofin shayinsa ya kife a kan rumfar mai igiya, ya ce nan ake hutawa. Sannan ya shiga koya wa baƙonsa wasan, doka bayan doka, a tsare, da haƙuri. Auta yana ji suna dawo masa ɗaya-ɗaya, kamar mutanen da ya kora suna shigowa ba su ce masa komai ba.

Suka fara. Hannun hagu ba ya masa biyayya, sau biyu yana ture murfin kwalbarsa, Baba ya tsayar masa. Ana cikin zagaye na shida ya hango aibi, katin ƙwai ya yi araha, duk wanda ya ja shi ya ci rabin wasa. Kalmar nan tasa ta taso har maƙogwaro. Ya haɗiye ta da shayi. Wasan da aibinsa ya ci gaba, kuma ga mamakinsa, yana da daɗi. Baba ya rufe masa hanya a lungun masu gawayi, ya yi dariya har da tari. Auta ya yi ganganci ya ƙi tsayawa hutu, buhunsa ya faɗi taki uku kafin ƙofa. Fanka tana ta ƙararta, Yaya tana tsaye a jikin ƙofa da tire a hannu, ta manta ta ajiye. Minti hamsin suka yi, ba wanda ya duba agogo sai daga baya. Baba ya fitar da ɗan dakonsa na biyu ta ƙofar kasuwa, ya daki teburi da tafin hannu.

"Na lallasa ka! Amma ka yi ƙoƙari, malam, ga wanda yau ya fara." Ya jingina yana haki, yana murmushi. "Ka san wa ya ƙirƙiro wasan nan? Ɗana ne. Autana. Da kansa, da tarkacen kwali. Kai, yaron nan akwai kai."

Auta ya kasa daurewa. Ya manta da gargaɗin Yaya. Ya miƙa hannunsa mai lafiya ya kama na tsohon.

"Baba, ni ne. Ni ne Autan."

Baba ya dube shi da kyau, ya daɗe yana dubawa, ba tsoro a fuskarsa wannan karon, sai tausayin baƙon da ya ruɗe. Ya ɗan bubbuga bayan hannunsa, ya girgiza kai.

"A'a, malam. Shi ba ya zama."

Ya zare hannunsa, ya fara tattara maɓallan yana ƙirga su biyar-biyar, ya tambayi baƙon ko yana da lokacin ƙara ɗaya.